Fina-finan fashi da suka cancanci kallo: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa a gidajen kallo da shagunan tura fim a Garwa, Marwa, Ngaundere, Kusiri da Njamena. An rubuta sunan kowane fim yadda yake a allo, domin mai nema ya iya nuna shi ga mai shago. Amsa ta 11 tana tona ƙarshen wasu fina-finai, wanda bai gan su ba ya tsallake ta.

1. Wane irin fim ake kira fim ɗin fashi?

Ba kowane fim mai ɓarayi da bindiga ne ke shiga wannan layi ba. Abin da ake nufi shi ne fim ɗin da aka gina shi kacokan a kan sata guda ɗaya mai wuya: banki, gidan caca, shagon gwal, motar kuɗi. Da farko ana tara mutane ana shiri, sannan a yi aikin a gaban idon mai kallo, daga baya a zo rabo, inda galibi rigima ke tashi. Masu shago sun fi gane shi da sunan film de braquage ko film de casse.

The Asphalt Jungle na John Huston, 1950, shi ya kafa tsarin da ake bi har yau: akwai mai tsara aiki, mai buɗe akwatin ƙarfe, direba, mai ƙarfi, da attajirin da ya zuba jari yana kuma shirin cin amanar sauran. Ma'aunin fim mai kyau a nan ɗaya ne. Kafin a shiga aikin, mai kallo ya san ƙofa nawa ce, ina ƙararrawa take, minti nawa ake da shi. In bai san wannan ba, duk harbin da za a yi hayaniya ce kawai.

2. Wanda bai saba da su ba, da wanne zai fara?

Inside Man na Spike Lee, 2006. Mutum huɗu sun shiga banki a New York cikin kayan masu fenti, suka tilasta wa duk wanda ke ciki ya sa irin kayansu, har 'yan sanda suka kasa bambanta ɓarawo da wanda aka yi garkuwa da shi. Denzel Washington ne ɗan sandan da ke ciniki da su, Clive Owen shugaban ɓarayin. Masoya fim ɗin Indiya za su ji abin da suka sani tun minti na farko, domin da waƙar Chaiyya Chaiyya ta A. R. Rahman aka buɗe shi.

Bayansa sai Ocean's Eleven na Steven Soderbergh, 2001, inda George Clooney da Brad Pitt suka tara mutum 11 don kwashe sama da dalar Amurka miliyan 150 daga taska ɗaya da ke ajiye kuɗin gidajen caca uku a Las Vegas. Fim ne mara nauyi, babu jini. Sai dai yana ɓoye wa mai kallo wani ɓangare na shirin har ƙarshe, don haka daɗinsa na mamaki ne, ba irin na Rififi da ke amsa ta 3 ba. Ocean's Twelve na 2004 bai kai shi ba, ana iya wucewa kai tsaye zuwa Ocean's Thirteen na 2007.

3. Me ya sa ake ta yabon Rififi, fim mara kala na 1955?

Domin har yau ba a yi wanda ya nuna aikin fasa wuri da natsuwa kamarsa ba. Cikakken sunansa Du rififi chez les hommes. Jules Dassin, Ba'amurken da aka hana aiki a Hollywood bisa zargin ra'ayin gurguzu, shi ya shirya shi a Paris, ya kuma sami kyautar gwarzon darakta a bikin Cannes na shekarar.

Mutum huɗu ne, shagon gwal da lu'ulu'u suke hari. Ƙararrawar shagon tana tashi da ƙaramar girgiza, saboda haka ba ta ƙofa suka bi ba. Sun hau gidan da ke saman shagon, suka naɗe darduma, suka soma sassaƙe daɓen da kurfi da gudumar da aka rufe wa kai don kada ta yi ƙara. Da rami ya ɓullo ɗan ƙarami, sai suka zura laima a rufe, suka buɗe ta a ƙasa, duk ɓarɓashin da zai faɗo ya zuba a cikinta. Da suka sauka da igiya, suka fesa kumfar tukunyar kashe gobara a cikin akwatin ƙararrawa har muryarta ta shaƙe. Akwatin ƙarfen kuwa kwantar da shi suka yi, suka yanke shi ta baya. Duk wannan ya ci kusan minti 30 ba magana, ba kiɗa, sai numfashi da zufa, da wani maɓallin fiyano da aka taɓa bisa kuskure.

Wannan shiru shi ne dukiyar fim ɗin, shi ne kuma abin da ke sa ya lalace a gidan kallo mai surutu da janareta a bakin ƙofa. A kalle shi a ɗaki, da dare, da abin sawa a kunne in a waya ne. Ga masu jin Faransanci akwai ƙarin riba, domin harshen asalinsa ke nan, ko da yake cike yake da salon maganar 'yan daban Paris na wancan zamani.

4. Bayan Rififi, waɗanne na Faransa za a nema?

Le Cercle rouge na Jean-Pierre Melville, 1970, shi ne na gaba. Alain Delon, Gian Maria Volonté da Yves Montand sun fasa shagon gwal a dandalin Vendôme, shi ma cikin dogon shiru. Montand tsohon ɗan sanda ne da giya ta cinye. Da hannunsa ya narka harsashi mai laushi, wanda zai harba cikin ramin makullin da ke sarrafa ƙararrawa. Ya kafa bindigar a kan ƙafafunta, ya saita, sai kuma ya ɗauke ta ya harba da hannu don ya tabbatar wa kansa hannun ya daina rawa. Bourvil, wanda aka sani da barkwanci, shi ne kwamishinan da ke bin sawunsu, kuma ya rasu kafin fim ɗin ya fito. Minti 140 ne, yana tafiya a hankali, mai gaggawa ba zai ji daɗinsa ba.

Henri Verneuil yana da guda biyu masu saurin shiga rai. Mélodie en sous-sol, 1963, ya haɗa Jean Gabin da Delon a kan gidan caca na Cannes. Le Clan des Siciliens, 1969, ya ƙara musu Lino Ventura da kiɗan Ennio Morricone, kuma a nan jirgin sama sukutum aka karkatar saboda kayan adon da ke cikinsa.

5. Heat ya cancanci kusan awa uku?

Ƙwarai. Michael Mann ya fitar da shi a 1995, minti 170. Robert De Niro ne shugaban 'yan fashi, Al Pacino ɗan sandan Los Angeles da ya hana kansa barci saboda shi. Sun taɓa fitowa a The Godfather Part II a 1974 ba tare da sun haɗu a fage ɗaya ba, don haka zaman shan gahawa da suka yi a Heat shi ne karon farko da aka gan su suna fuskantar juna. Labarin ya samo tushe daga wani ɗan fashi na gaske, Neil McCauley, da ɗan sandan Chicago da ya bi shi, Chuck Adamson.

Musayar wutar da ta biyo bayan fashin banki ita aka fi tunawa. An bar ƙarar bindigogin yadda aka naɗe ta a kan titi, tana amsa kuwwa tsakanin dogayen gine-gine, shi ya sa kwafi mai matsattsen sauti ke kashe rabin fagen. A kuma duba wuta kafin a fara: in ana yawan ɗauke ta a unguwa, a cika cajin kwamfuta, don yanke shi a tsakiya yana sa a rasa zaren mutanensa masu yawa. Wanda Heat ya burge ya nemi Thief na 1981, shi ma na Mann, inda James Caan ya narka ƙofar taska da doguwar sandar wuta, kuma tsofaffin ɓarayi na gaske suka koya masa riƙon kayan aiki.

6. A na Indiya fa?

Kowa ya san Dhoom. Na farko, 2004, na ɓarayi ne a kan babura, da John Abraham. Na biyu, 2006, da Hrithik Roshan, ya buɗe da satar kambi a cikin jirgin ƙasa a hamadar Namibiya. Na uku, 2013, Aamir Khan ne a Chicago. Ana kallonsu don rawa, gudu da ado. A Dhoom 3 ma kusan ba a nuna yadda ake shiga bankin, sai dai a ga kuɗi na zubowa daga sama ɓarawo na gudu, wanda bisa ma'aunin amsa ta 1 babban giɓi ne.

Wanda ya fi su tsari shi ne Special 26 na Neeraj Pandey, 2013, da Akshay Kumar, Anupam Kher da Manoj Bajpayee. Makaminsu katin shaida na bogi ne da tsawa irin ta jami'i: suna shiga gidan ɗan siyasa ko ɗan kasuwa a matsayin masu binciken gwamnati, su kwashe kuɗin da aka ɓoye wa haraji, mai kuɗin kuma ba ya iya kai ƙara. Aankhen na 2002 ma ya isa nema, inda Amitabh Bachchan, ma'aikacin bankin da aka kora, ya sa aka horar da makafi uku su yi masa fashin. Game da masu fassarar Hausa, a lura cewa wani lokaci mai fassara yana ƙara barkwanci daidai inda ake bayanin shiri, sai a fito ba a gane dabarar ba.

7. Waɗanne ne aka ɗauko daga abin da ya faru da gaske?

Special 26 na ciki. A watan Maris 1987 wani mutum ya sa talla a jarida a Bombay cewa ana ɗaukar jami'an bincike, ya zaɓi sama da mutum 20, ya kai su shagon gwal da sunan gwajin aiki, ya tattara kaya ya fita ya bar su tsaye suna gadi. Ba a kama shi ba.

The Bank Job, 2008, da Jason Statham, yana ba da labarin bankin Lloyds na titin Baker a Landan, Satumba 1971. Sun kama hayar shagon jakunkuna da ke kusa, suka haƙa rami na kimanin mita 12. Wani mai sha'awar rediyo ya tsinci hirarsu da mai yi musu gadi, ya sanar da 'yan sanda, aka bi ɗaruruwan bankuna, har aka shiga wannan ɗin aka ga ƙofar taska a kulle aka fita. Zancen hotunan gidan sarauta da ke fim ɗin ba a tabbatar da shi ba. A Faransa kuma akwai Albert Spaggiari, wanda mutanensa suka bi ta magudanar ƙazantar birnin Nice suka shiga Société Générale a Yulin 1976. An yi fina-finai a kai, ciki har da Les Égouts du paradis, 1979, da Sans arme, ni haine, ni violence, 2008. Na farkon ya fi nuna wahalar haƙar.

El robo del siglo, 2020, na Ajantina ne, kan fashin Banco Río na Janairun 2006: bindigogin wasan yara, garkuwa don ɗauke hankalin 'yan sanda, da tserewa ta magudanar ruwa a kwale-kwalen roba. Dog Day Afternoon, 1975, kishiyarsu ne, fashin Brooklyn na 1972 da ya ruɓe tun mintunan farko saboda an riga an kwashe kuɗin bankin kafin su iso.

8. La casa de papel fim ne? Ina ya dace a tsaya?

Shiri ne mai dogon zango daga Sifaniya, na Álex Pina. Ya fara a tashar Antena 3 a 2017, Netflix ta karɓe shi, ya ƙare a Disambar 2021 da kashi 5. Kashi na 1 da na 2 labari ɗaya ne cikakke: sun mamaye gidan buga kuɗin ƙasar don su buga wa kansu Yuro biliyan 2.4, ma'ana abin da suke sata a zahiri lokaci ne. Daga kashi na 3, da aka koma kan zinaren babban banki, shirin ya rikiɗe yaƙi da soyayya. Mai neman dabara ya tsaya a na 2.

Lupin, 2021, ya fi taƙaice, kuma da Faransanci aka yi shi. Omar Sy ne Assane Diop, ɗan wani direba ɗan Senegal da aka yi wa ƙagen satar sarƙa. Kashin farko, na satar sarƙar a gidan tarihi na Louvre, yana tsayawa da ƙafarsa: ya shiga a matsayin mai shara, domin ya san ba mai kallon fuskar mai shara.

9. Babu na Afirka?

Akwai, ko da ba su da yawa. iNumber Number na Donovan Marsh, Afirka ta Kudu, 2013, ɗan sanda ne mai gaskiya da aka hana ladansa, ya kutsa cikin masu tare motar kuɗi. Brotherhood, Najeriya, 2022, tagwaye ne, ɗaya ɗan fashi ɗaya ɗan sanda, a Legas. Viva Riva! na Djo Munga, 2010, kan man fetur da aka sato daga Angola zuwa Kinshasa ne, kuma na manya ne zalla.

Na gida shi ne Grigris na Mahamat-Saleh Haroun, 2013, wanda ya shiga gasar Cannes. Ba fim ɗin fashi ne cikakke ba, amma ɗan'uwansu ne: matashi mai shanyayyiyar ƙafa, gwanin rawa a Njamena, ya shiga fasa-ƙwaurin fetur don biyan kuɗin asibitin mijin mahaifiyarsa, sannan ya karkatar da kayan maigidansa. Duk wanda ya san jarkokin fetur a hanyar Kusiri zai gane kowane lungu na labarin.

10. Me ya sa mai shago ke cewa ba shi da fim, alhali yana da shi?

Domin da sunan Faransanci ya ajiye shi. The Italian Job na 2003 shi ne Braquage à l'italienne, amma na asali na 1969, da Michael Caine da ƙananan motocin Mini a birnin Turin, sunansa L'or se barre. The Bank Job shi ne Braquage à l'anglaise. Den of Thieves ya koma Criminal Squad, Hell or High Water ya koma Comancheria, Thief kuma Le Solitaire. The Asphalt Jungle shi ne Quand la ville dort, The Killing na Stanley Kubrick L'Ultime Razzia, Dog Day Afternoon Un après-midi de chien, Widows Les Veuves. A riƙa faɗin shekara da sunan jarumi tare da sunan fim, musamman ga The Italian Job da Ocean's Eleven, wanda shi ma yana da tsohon kwafi na 1960 da Frank Sinatra.

11. Me ke rusa shirin a yawancinsu?

Da wuya ƙarfe ko ƙararrawa su kayar da su, mutum ne ke kayar da su. A Rififi, mai buɗe akwatin, wanda Dassin da kansa ya fito a matsayinsa, ya ɓoye zobe ɗaya ya kai wa wata mawaƙiya, zoben ya kai labari ga abokan gaba. A The Killing, 1956, ɗaya daga cikinsu ya faɗa wa matarsa, ita kuma ta faɗa wa saurayinta, daga ƙarshe tsohuwar akwatin da aka cusa dalar Amurka miliyan 2 ta faɗi ta buɗe a filin jirgi, iska ta watsa kuɗin. A Mélodie en sous-sol an nutsar da jakunkunan kuɗin a wurin ninkaya don ɓoye wa 'yan sanda, ɗaya ta buɗe, takardun suka taso saman ruwa. A Heat, baƙon da aka ɗauka aiki ba a san halinsa ba shi ya harbe mai gadi ba dalili, kuma komawa ɗaukar fansa a kansa ce ta hana De Niro tsira. Ko a Ajantina, matar ɗaya daga cikin ɓarayin ce ta tona su.

12. Shin ba koyar da sata suke yi ba?

Tambaya ce mai nauyi a yankin da ya sha wuyar masu tare hanya da masu satar mutane don kuɗin fansa, kuma ba za a ce babu komai ba. An hana nuna Rififi a wasu ƙasashe saboda tsoron kwaikwayo. Rédoine Faïd, ɗan fashin Faransa da ya tsere daga kurkuku da jirgi mai saukar ungulu a 2018 aka sake kama shi, ya faɗa a bainar jama'a cewa daga Heat ya ɗauki darasi.

Dabarun da kansu sun tsufa, laima da kumfa ba sa aiki a zamanin kyamara. Abin da ya fi cancantar sa ido shi ne fim ɗin da ke wanke ɓarawo ya mai da shi gwarzo mai tsabta, irin Ocean's Eleven da Dhoom, musamman ga samari. Tsofaffin na amsa ta 3 da ta 4 ba su yi wa kowa wannan alfarma ba, kusan duk ɓarayinsu a kabari ko hannun hukuma suke ƙarewa.

13. Wanne za a iya kallo da iyali?

Special 26 ya fi kowanne tsabta. The Italian Job na 2003, Lupin da Ocean's Eleven suna da sauƙi, ko da yake na ƙarshen cikin caca da giya yake, da gajeren fagen gidan rawa. Dhoom 2 yana da shigar da ba kowane maigida zai so a falo ba. Rififi yana da fagen dukan mace da satar yaro. Heat, Inside Man, The Town, Den of Thieves, Dog Day Afternoon da La casa de papel na manya ne, saboda jini, zagi ko shimfiɗa. Reservoir Dogs, 1992, yana da azabtarwa mai tayar da hankali. A tashoshin Canal+ a duba alamar kusurwar allo: 10, 12, 16 ko 18, wato shekarun da bai dace na ƙasa da su ya kalla ba.

14. Wane kwafi za a karɓa, kuma me ke kawo matsala?

VF na nufin an juya muryoyin zuwa Faransanci, VOSTFR kuma muryar asali ce da rubutun Faransanci a ƙasa. Ga fim mai bayanin shiri da sauri kamar Ocean's Eleven, VF ya fi sauƙin bi. Ga Heat, muryar asali ta fi. Kwafin da aka rubuta wa CAM an ɗauke shi ne da kyamara a cikin silima, a ƙi shi, domin yawancin fagagen fashi cikin duhu ake yin su, ba za a ga komai ba. Ga waya, 480p ya isa, yakan ci mega 400 zuwa 700. Ga talabijin a nemi 720p, wajen giga 1 zuwa 1.5 ga fim na awa biyu.

In talabijin ya nuna hoto ba murya, galibi sautin DTS ne da bai iya karantawa ba. In murya ce ba hoto, fayil ɗin x265 ne, tsofaffin dikoda kuma x264 suka sani. In filas ta ƙi karɓar fayil alhali da wuri, tsarin FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya wuce giga 4. Rubutun fassara yana fitowa da kansa in fayil ɗin srt yana da suna ɗaya da na fim, a jaka ɗaya. In ya riga magana ko ya makara da tazara ɗaya tun daga farko, maɓallan G da H a manhajar kallon fim ta VLC a kwamfuta suna gyara shi, J da K kuma na murya ne. Amma in tazarar tana ƙaruwa yayin da fim ke tafiya, galibi an yi rubutun ne don kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa, naka kuma 23.976 ne, sai dai a nemo wani srt da ya dace da shi.